Ƙotar Bindiga Mai Ƙarni

A ma'aikatar da ake sassaƙa wa bindigogin masu gadin daji ƙota, akwai wani tsoho da ake ce wa Baba Cizo. Duk ƙotar da aka gama sai ta bi ta hannunsa kafin a ɗaura mata ƙarfe. Yakan ɗaga ta ya duba yadda jijiyar itacen ta kwanta, musamman a wuya, inda hannu ke kamawa, don a nan ƙota take karyewa. Yakan ƙwanƙwasa ta da bayan cokali ya kasa kunne. Daga ƙarshe sai ya kai gindinta baki ya ɗan gartsa. Haƙoransa na gaba saura uku, amma ya ce sun fi ma'aunin Manaja faɗin gaskiya. Itacen da ya bushe a inuwa, in ji shi, ɗaci-ɗaci gare shi mai tsabta, wanda aka sare cikin ruwa kuwa lami ne kamar hirar maƙaryaci. In ƙota ta yi masa, sai ya buga mata hatimi.

Ran nan da hantsi aka jera masa guda goma sha biyu a kan benci, aikin surukinsa, mijin autarsa. Baba Cizo ne ya yi ta zarya ofishin Manaja har aka yarda a gwada yaron, bisa sharaɗin in aikin farko ya faɗi, ya kama gabansa. Auta kuwa cikinta ya tsufa, mijin ya shekara ba aiki.

Ƙotocin sun yi kyau, ba laifi. Jajaye ne, masu nauyi, suna sheƙi kamar an lashe su. Manaja ya riga ya rataya musu ƙarfe mai nauyi, ya sako su daga kan tebur, ko ɗaya ba ta tsage ba. Ya leƙo yana dariya ya ce yau dai Baba ya huta da cin katako, ya buga hatimi kawai, tunda ga alama surukinsa zai gaje masa kujera.

Baba Cizo ya ƙwanƙwasa ta farko. Maimakon amo sai ya ji dum, kamar an bugi cikin wanda ya ƙoshi. Ya ce wa ransa kunne ne ya tsufa. Har ya jawo aljihun tebur ya ɗauko hatimi, sai idonsa ya faɗa kan wadda ke bakin taga, inda rana ta sauka. Ƙudaje ne a kanta, manya, korra, sun fi ashirin, suna wanke hannu. Shekara talatin yana wannan ɗaki bai taɓa ganin ƙuda ya kula katako ba. Ya taɓa ta, ya ji tana gumi, yatsansa yana mannewa. Ya kore ƙudajen, ya kai ta baki.

Abin da ya shiga bakinsa ba itace ba ne. Tsohon kitse ne da ya ruɓe ya sake daskarewa, da ƙarnin jini a ƙarƙashinsa. Ya ruga bakin famfo ya yi ta kakari, ya kurkure baki sau bakwai, ya goge harshe da gefen riga, abin yana nan liƙe a dasashi.

Ya sa aka kira masa surukin zuwa ɗakin zarto, inda ba kowa. Yaron ya rusuna ya gaishe shi, da aka tambaye shi inda ya samo itacen kuwa, sai fuskarsa ta washe. Ai mayanka ake gyarawa, aka zubar da tsofaffin kututturan da mahauta ke sara nama a kai. Shi ya kwaso su, ya yanke, ya goge, ya shafe da man katako har sau uku.

"Baba, itacen da gatari ya shekara ashirin yana sara bai rabe ba, harbi ne zai raba shi?"

Tsoho ya ɗauko ƙotar nan da ta sha rana. Ya ɗauki ƙusa mai murɗi ya ɗaura ta a jikinta, ya kama kanta da yatsu biyu ya ja. Ta fito sumul, da wani farin abu a jikinta kamar majina. Ya ce masa haka za ta yi a daji: in bindiga ta yi zafi kitse ya narke, ƙusoshi su saki, ƙarfe ya dawo fuskar mai harbi. Itace ba ya manta abin da ya sha.

Surukin ya yi ƙasa da murya. Ya ce guda goma sha biyu ne kacal, masu gadin nan sai su shekara ba su yi harbi ba, Manaja kuma ya riga ya yaba. Sannan ya ƙara da cewa, "Baba, ka dai tuna halin da Auta take ciki."

Wannan maganar ta fi kitsen tayar masa da zuciya. Ya dubi yaron, gashi a gyare, takalmi a goge, ya ga shi ma an shafe shi sau uku.

Ya yi tunanin ya ce cikinsa na ciwo ya tafi gida. Amma ya san hatimi yana tebur, Manaja zai buga da kansa kafin a tashi, shi kuma ya ce ba ya nan aka yi. Ya daɗe tsaye yana juya wannan dabara, har ya ji ƙyamar kansa. Sai ya kwaso ƙotocin, ya kunna zarto, ya riƙa yanke su ta wuya ɗaya bayan ɗaya. Zafin zarton ya tashi warin, ɗakin ya koma kamar bayan mayanka. Manaja ya shigo da hanci a toshe, ya ga garin katako yana dunƙulewa da maiƙo, bai nemi dogon bayani ba. Ya ce wa surukin ya tattara kayan aikinsa.

Da aka tashi, Baba Cizo bai bari labari ya riga shi ba. Ya naɗe guntu ɗaya a takarda ya nufi gidan Auta. Ya same ta zaune a bakin ƙofa, ƙafafu a kumbure, tana tsince wake. Ya faɗa mata komai, ya miƙa mata guntun. Ta shinshina, ta kawar da kai.

"An kore shi ke nan?"

"An kore shi."

"Kai ka yanke su, Baba?"

"Ni na yanke."

Ta ture guntun da ƙafa zuwa bakin kwata. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, ya tafi kafin mijin ya dawo, ba ta son su haɗu yau.