Labulen Iklima da Tukwicin Baƙi

Duk wanda ya san Gwaggo Balki a unguwar Tahaggart ya san ba a yabon abu a gabanta. Ka ce mayafinta ya yi kyau, kafin ka rufe baki ta yaye shi ta ɗora maka a kafaɗa. Ka ce shayinta ya yi daɗi, sai ka koma gida da ƙullin ganye. Haka aka rene ta a Damagaram, in ji ta, kuma shekarun da ta yi a nan garin Tamanrasset ba su rage mata komai ba.

Iklima, 'yar ƙaninta da ta riƙa tun tana ƙarama, ba ta ɗauko bakin gwaggon ba. Ita ce mai zama a gefen tabarma, tana kallo, tana murmushi. Ta gama jami'a, ta dawo gida da wata sana'a da ba wanda ya taɓa jin labarinta a unguwar: yin takarda da hannu. Takan bi teloli na unguwar Gataa El Oued ta tattaro ƙyallayen auduga, ta haɗa da zaren da ke naɗe a jikin bishiyar dabino, ta jiƙa su makonni, ta dafa da toka, ta kirɓa a turmi har su yi laushi kamar kunu. Sai ta zuba a babban baho, ta tsoma rariya mai kusurwa huɗu ta ɗago a hankali. Abin da ya kwanta a kan rariyar, idan ya bushe, shi ne takarda. A lambun Baba Tukur, mijin Gwaggo, can ƙauyen Outoul take aikin, domin a can ne ruwa yake.

"An kai ki lekkol ki yi boko, ki yi rubutu a takarda," in ji Gwaggo, "kin dawo kina daka ta kamar fura."

To, a wannan shekarar sai ga wani baje kolin fasahar takarda da ke yawo ƙasa-ƙasa ya biyo ta Tamanrasset, da masu sana'ar daga nesa. Madam Walida, wadda ke shirya taron a garin, ta ga aikin Iklima ta ce dole a rataye shi tare da na baƙin. Wannan ne karo na farko da wani zai ga aikinta a wajen lambu. Ta kwashe watanni tana haɗa wani babban labule na takardu, kowace faɗin tafin hannu biyu. Na ƙasa shuɗi ne mai duhu, daga wani tsohon rawanin Baba Tukur da ta roƙa ta yayyaga. Sama da su launin shayi, sannan jan lalle, har a kai ga fari tas. In ka tsaya nesa, sai ka ga duwatsun Hoggar lokacin da gari ke wayewa.

Ana gobe buɗe taron, Madam Walida ta kawo baƙin lambu su ga yadda ake aikin. Iklima ta riga ta jera takardun a kan tabarmi ƙarƙashin dabino, kowace a gurbinta, ɗinki kawai ya rage. Ta ja wasu daga cikin baƙin zuwa bakin baho tana nuna musu yadda ake tsoma rariya. Da hannunta ya shiga ruwa sai ta manta da kunya. Ta manta da wani abu kuma. Ta bar Gwaggo Balki a bakin tabarmi da tiren shayi.

Wata tsohuwa 'yar Japan, ƙarama, mai farin gashi, ta durƙusa gaban wata shuɗiyar takarda ta dafe ƙirji. Ba ta jin Hausa, Gwaggo ba ta jin yarenta, amma yabo ba ya ɓuya a fuska.

"Ta yi miki? Ungo, Hajiya."

Tsohuwar ta girgiza hannu. Gwaggo ta kama hannun ta danƙa mata. Wani dogon mutumin Italiya ya ɗaga wata ja yana duba ta a rana, shi ma aka ce ya riƙe. Wani ɗan Meziko mai gashin baki ya sunsuna ta shayin ya yi dariya, aka ƙara masa da ta biyu don dariyar ta yi wa Gwaggo daɗi. Baƙin sun ɗauka tsaraba ce aka shimfiɗa domin su. Suka yi ta godiya, suna sa takardun a jaka da ladabi.

Sai da motarsu ta tashi Iklima ta juyo. Labulen ya zama kamar bakin yaro mai famfara: giɓi nan, giɓi can, ɗaya ma a tsakiyar dutsen.

"Gwaggo... ina takardun?"

"Sun yaba, ɗiyata! Ki ga yadda tsohuwar nan ta yi da ido. Wallahi kin fitar da mu kunya."

"Gwaggo, abu ɗaya ne duka. Gobe za a rataye shi."

Gwaggo ta dubi tabarmin, ta dubi Iklima, ta ajiye tire a hankali. "To, ki dako wasu mana."

"Zaren da na jiƙa ya ƙare. Rawanin ma ya ƙare."

Baba Tukur, da ke gyara hanyar ruwa, ya dafe rawanin da ke kansa. "Kada wanda ya kalli wannan. Shi kaɗai ya rage mini."

Gwaggo ta gyara ɗaurin zane. "Sai dai a yi haƙuri. Ni dai ba zan bi baƙo masauki in ce ya dawo da abin da na ba shi ba. Gara ƙasa ta tsage in shige."

Iklima ma ta san ba za a yi haka ba. Ta zauna ta ɗauki allura. Ta yi tunanin matso da takardun ta rufe giɓin, amma sai dutsen ya karkace, wayewar garin ta rikice. Ta ɗinke su yadda suke, ta tsallaka kowane giɓi da zare. Gwaggo ta zauna kusa da ita tana zura mata zare a allura.

Washegari da hantsi aka rataye labulen a zauren taron. Ga fitilun takarda manya kamar tulu, ga wata riga da aka yi da takarda zalla, ga jirgin ruwa rataye a sama. Ga na Iklima kuma, da ramukansa, hasken taga na ratsawa. Iklima ta laɓe a bayan wani ginshiƙi.

Tsohuwar 'yar Japan ce ta fara ganewa. Ta tsaya gaban labulen, ta dubi giɓin da ke cikin shuɗin, ta buɗe jakarta a hankali. Ta rufe baki da hannu. Nan da nan ta kira sauran, aka yi cirko-cirko, kowa na zaro takardarsa. Suka nufo Gwaggo Balki a jere, tsohuwar a gaba tana ta sunkuyawa, takardar a tafin hannu biyu.

Gwaggo ta maida hannayenta baya. "Me take nufi? Ni za a dawo wa da kyauta? A gaban jama'a? Madam, gaya mata ban yi mata laifin komai ba!"

Madam Walida ta rasa ta inda za ta fara. Baƙin sun tsaya da takardu a hannu, Gwaggo ta kumbura, mutanen gari sun fara taruwa. Iklima ta ga in ba ta fito ba, taron zai buɗe da ɓacin rai. Ta fito daga bayan ginshiƙin. Da Faransanci ta yi magana, a hankali, idonta a ƙasa.

"Ku riƙe, naku ne. A wurinmu ba a mayar da kyauta. Amma akwai abin da muke kira tukwici. Wanda aka yi wa kyauta yakan ba da ɗan wani abu nasa, don a san ya ji daɗi." Ta ɗaga kai ta nuna ramukan. "Ga wuri nan."

Madam Walida ta maimaita da Turanci. Mutumin Meziko ne ya fara tafawa, ya juya da sauri ya nufi akwatinsa.

Kafin a jima sun dawo. Tsohuwar ta kawo wata farar takarda shara-shara, kamar a hura ta tashi, amma da Gwaggo ta gwada ja da yatsa ta ƙi yagewa. Ɗan Meziko ya kawo biyu na ɓawon itace, masu kauri, launin ƙasa. Ta ɗan Italiya sai an ɗaga a haske ake ganin hoton tsuntsu a cikinta. Wata 'yar Masar ta ce ita ba a ba ta komai jiya ba, amma ba za a bar ta a baya ba. Iklima ce ke zaɓar wa kowace gurbi. Farar ta Japan ta sa ta a tsakiyar dutsen, inda shuɗin ya fi duhu, sai ta zama kamar farin wata da ya makara bai faɗi ba.

Gwaggo ta hau kujera da allura a hannu. "Riƙe mini nan, Dogo," ta ce wa ɗan Italiya da Hausa, shi kuwa ya riƙe. "Ba haka ba, sama! Kai, wannan tsawon banza ne."

Da aka buɗe ƙofa, gaban labulen ne ya fi cika. Madam Walida ta raɗa wa Iklima cewa baƙin sun roƙa a tafi da shi sauran ƙasashen, yadda yake ɗin nan, da sunanta a jiki. Iklima ta rufe fuska da gefen mayafi, dariya da hawaye suka haɗu mata.

Da ta buɗe ido ta nemi Gwaggo, sai ta hango ta gaban babbar fitilar tsohuwar 'yar Japan, ta harɗe hannu, tana magana da ƙarfi yadda mai fitilar za ta ji.

"Kai! Wannan fitila ta yi kyau. Na ce ta yi kyau ƙwarai!"

Ta tsaya tana jira.

"Gwaggo, don Allah zo mu tafi."

"Dakata, ɗiyata. Ba ta ji ba ne. Madam! Zo ki fassara mata."