Motar Keken Baba

Shekara talatin da biyu Baba tela yana taka keken ɗinkinsa da ƙafa. Kullum sai ya yi tafiyar rabin awa zuwa shago, ya hau bene hawa biyu, da yamma ya dawo yana mitar gwiwa. Mitar nan ce ta tsaya wa babban ɗansa a rai, wanda Baba ke tsokana da Injiniya saboda yana wayarin gidaje.

Da Injiniya ya samu aiki mai tsoka, sai ya ce wahalar tsohonsa ta ƙare. Ya sauko da keken daga bene, ya kafa shi a ɗakin ƙofar gida, ya cire bel ɗin feda ya ɗaura mota. Ya kawo firji ya shaƙe shi da lemon kwalba, duk yamma kuma ga ledar soye-soye. Ko kofi Baba ya tashi ɗauka sai ya ji, "Zauna, Baba, muna nan me zai tashe ka?" Unguwa kaf sa wa Injiniya albarka ake yi, har kansa ya ɗan kumbura.

Cikin shekara uku Baba ya ajiye teɓa. Gwiwar ba ta daina ciwo ba, sai ma ta gayyato idon sawu da yatsu. Ranar da almakashi ya gagare shi a kan yadin mutane, ya juya wa ɗansa baya don kada a ga idonsa. Ba abin da Baba ke tsoro a duniya kamar ya wayi gari shi ba tela ba, Injiniya kuwa ya san haka sarai.

A asibiti likita ta daɗe tana duba sakamakon jini.

"Baba, akwai kumburi a jikinka, irin mai ci a hankali. Ba abu ɗaya ke kawo shi ba, amma zaƙi da maiƙo da yawan zama suna ƙara masa ƙarfi."

"Zan koma ɗinki, 'yata?"

"Za mu gwada magani da tattaki, a gyara abinci. Yatsun dai ba zan yi maka alkawari ba. Da kana motsa jiki?"

"Har bene nake hawa."

"To me ya sa ka daina?"

Injiniya na tsaye a bayan kujera. Baƙin ciki da kunya suka kama shi. Ya buɗe baki zai ce shi ne ya jawo, Baba ya riga shi.

"Lalaci ne, 'yata. Na ga wurin zama, na zauna. Ba wanda ya sa ni."

Ya miƙa hannu baya ya lalubo na ɗansa zai riƙe, yatsun suka ƙi rufuwa.