Kwanon Ruwa a Cinyar Manaja

Kwana tara Akonay ya yi a garin Mbulu wajen makokin surukinsa. A cikin kwana taran nan Bura ya lalata motar.

Rabin motar na Bura ne, gadon ubansa, yayan Akonay. Amma shekara ashirin da shida ke nan Akonay ke tuƙa ta, tsohuwar jif mai ja da ƙafa huɗu, yana kai baƙi kallon namun daji. Shi kuwa Bura, ƙato mai shekara arba'in da tumbi, shagon waya gare shi a garin Karatu, tuƙinsa bai wuce daga gida zuwa coci ba.

Safiyar da Akonay ya dawo ita ce safiyar gwaji. Kowace shekara kafin baƙi su fara zuwa, masaukin da ke kan tudu yakan tara direbobi. Manaja ta zauna a baya da kwano cike da ruwa a cinyarta, direba ya hau tudun, ya tsaya cak a tsakiya, ya sake tashi, ya sa giya ta biyu kafin ƙofa. Wanda ya jiƙa mata zane, ba shi ba aikin bana. Da aikin nan Akonay ke ci da gidan mutum goma sha ɗaya, kuma bai taɓa zubar da ko ɗigo ba.

Ya shiga motar, ya miƙa hannu inda sandar giya take tun yana da baƙin gashi. Hannunsa ya damƙi iska. Can ƙasa kusa da gwiwarsa ya hango wani guntun ƙarfe mai jan kai, yana sheƙi kamar alewar yara.

"Bura! Uban wa ya gutsure mini giya?"

Bura ya leƙo ta taga yana washe baki. "Baffa, ai gyara ne. Gajeriyar liba ke nan, ta masu tsere. Kulocin ma na sa Mrisho bakanike ya cire, ya ɗaura sabo daga waje. Ba ya sulɓi. Kana saki sai tafiya."

"Tsere da wa? Da raƙumin dawa?"

"Haba Baffa, zamani ya wuce wannan muciyar da kake tuƙa tuwo da ita."

Akonay ya tayar da motar. Ya taka kuloci, ya ji shi da tauri kamar ya taka kututture. Ya sa giya ta ɗaya, ya soma ɗaga ƙafa a hankali yadda ya saba, yana neman wurin nan na tsakiya inda mota ke yin numfashi kafin ta motsa. Babu shi. Motar ta yi tsalle kamar jakin da rina ta harba, ta mutu. Kajin tsakar gida suka watse.

Tsohon kulocin nan ya san ƙafarsa, da shi ya fitar da motar daga baƙar laka sau ba adadi, yana ba taya ƙarfi kaɗan-kaɗan kamar mai ba jinjiri kunu. An cire lafiyayyen abu an jefar, an kawo na 'yan iskan da ke tayar da ƙura a fili don a tafa musu.

"Ina tsohon farantin kulocin?"

"Yana gareji. Matar Mrisho na ɗora tukunya a kai."

Akonay ya tofar da yawu ta taga. Babu lokacin mayarwa, ƙarfe tara ake farawa.

Shi da Bura sun tarar da motoci bakwai a gindin tudun, direbobi na shan shayi da gurasar capati. Mrisho bakanike ma yana nan da kwalaye uku na irin sabon kulocin a bayan babur, ya zo neman kasuwa. Da jif ɗin ta tsaya da wata irin girgiza, aka kwashe da dariya.

"Dattijo, yau kuma doki ka hawo?"

"A'a, amarya ya yi wa tsohuwar, ga jan baki nan a giya!"

Manajar, Bi Sikitu, mace ce da ba ta dariya da safe. Ta shiga baya, aka cika kwano har baki aka ɗora mata.

"Baba Akonay, ka san doka. Tsufa ba ya cikin lissafi."

"Na sani, 'yata. Riƙe da kyau."

Ya daɗe bai tayar ba. Sannan ya sunkuya ya ja ƙaramar libar da ke gefe, ta giyar hawan dutse, wadda Allah ya sa Bura bai san amfaninta ba balle ya taɓa. A wannan giya mota rarrafe take yi. Ya bar inji a silo, bai taɓa totur ba, ya saki kuloci. Motar ta ɗan yi ajiyar zuciya, ruwan ya yi rawa, ya tsaya. Suka kama hawa kamar hawainiya, har wani direba ya bi su a ƙafa yana tambayar ko a kawo musu abincin rana.

A tsakiya ya tsaya, ya ja birkin hannu. Ya sake tashi haka nan, gwiwarsa ta hagu na karkarwa don taurin abin. Saura giya ta biyu. Ya san in ya taka wannan shaiɗanin kuloci ya saki a kan tafiya, sai Bi Sikitu ta yi wanka. Sai ya janye ƙafarsa gaba ɗaya. Ya kasa kunne ga inji, yadda direbobin motocin katako suka koya masa tun ba a haifi Bura ba. Ya ɗan ba ta wuta, ya sassauta, ya zare giya, ya jira kukan ya sauko daidai, ya tura guntun ƙarfen da yatsa biyu. Ta shige ba ko ƙara.

A bakin ƙofa Bi Sikitu ta duba zanenta, ta shafa. A bushe.

"Ka ci, Baba. Zo ka sa hannu."

Da ya fito daga ofis ya gangaro da motar, sai ya tarar Bura ya hau kan dutse yana wa'azi, Mrisho na buɗe kwali.

"Kun gani da idonku! Ko ɗigo! Tsoho mai ciwon gwiwa ma ke nan, ina ga ku? Kulocin zamani ne ya yi aikin!"

Direbobi biyu har sun soma taya farashi. Akonay ya ji kamar ya haɗiyi ƙuda. Mutanen da za su ɗauki 'ya'yan wasu su gangara da su ramin dutse, su ne ke layi a kan abin da ya kusa raba shi da abincinsa.

Ya mayar da ƙaramar libar inda take, ya karɓo kwanon, ya cika shi da kansa.

"Bura, ɗana, gaskiyarka. Zo ka nuna musu. Mrisho, shiga baya ka riƙe, ai aikinka ne."

"Baffa, ni da ban karya ba…"

"Kuloci ne ke yi, ba kai ba. Shiga."

Direbobi suka kewaye su. Bura ya shiga yana gumi, ya ba ta wuta, ya saki. Jif ta zabura, kwano ya kife a fuskar Mrisho, goshin Bura ya gaisa da sitiyari, inji ya mutu. Mutum biyun nan suka mayar da kuɗinsu aljihu ba tare da sun dubi juna ba.

Akonay bai yi dariya ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya dubi bakanike yana tsiyayar ruwa.

"Je ka ce wa matarka ta sauke tukunya. Yau za ka mayar mini da farantina, da muciyata. Wannan jan abin kuma ka ba Bura ya rataya a shago."