Murhun da ke ƙarƙashin gado

Kwamfutar Auta ta koyi mugun hali. In yana kallo ko yana rubuta saƙo, lafiya lau. Amma da ya shiga gem, wato wasan kwamfuta, wasa ya yi daɗi, abokan wasansa na jiran ya tsare musu baya, sai ta yanke jiki ta faɗi. Allo ya yi baƙi, fankokinta su yi tsit, can kuma ta farfaɗo da kanta kamar ba ita ba.

Auta a gidan burodi yake aiki. Da asuba yake fita, ya dawo bayan azahar da gari a girarsa, ya yi wanka, ya kifa wa kunnuwansa wani abin sauraro mai kama da faifai biyu, ya zauna a kusurwar falo. Daga nan ko gobara aka yi sai dai ya gani a labarai.

Bayan bangon kusurwar nan ɗakin mahaifinsa yake. Unguwa na kiran tsohon Duba-gari, don aikin da ya yi ke nan har ya yi ritaya. Ya dawo gidan ɗansa ne bayan matarsa ta rasu, hawan jini kuma ya kwantar da shi. Likita ya hana shi gishiri da mai da duk wani abin suya, wato ya bar masa rai ya ɗauke daɗinsa. Matar Auta, wadda ke aiki a kantin magani, ta riƙe maganar likita da hannu biyu. Kullum tukunya biyu take ɗorawa kafin ta fita, ɗaya ta gida, ɗaya ta Baba. Takan kawo masa kwanon da kanta, ta durƙusa.

"Baba, yau na sa albasa da yawa, ko za ka ji ɗanɗano."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Albarkar ta gaske ce. Abincin ne dai ba ya ciwuwa. Saboda haka Duba-gari ya sayi ƙaramin murhun lantarki, ya tura shi ƙarƙashin gado tare da kasko da ƙwai da kwalbar mai, gishiri kuma a cikin tsohon gwangwanin magani. Da ya ji Auta ya fara ihu da mutanen da ba a gani, sai ya toshe ƙasan ƙofa da tawul, ya buɗe taga, ya soya ƙwansa. Abincin surukar kuwa, a leda yake fita da shi in za shi miƙe ƙafa da yamma, ya jefa a kwandon sharar bakin titi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaga murfin tukwanen mutane yana cin su tara, ga shi yau yana girki a tsugune kusa da takalmansa.

Auta bai bar abin da bai yi wa kwamfutar ba. Ya kwance ta a tsakar falo, ya hure ƙura, ya goge fankoki. Ya sake mata akwatin wuta. Ya share duk abin da ke cikinta ya zuba sabo. Da ya gaji ya rungume ta ya kai wa mai gyara, wanda ya wuni yana buga gem a kanta ko tari ba ta yi ba.

"Lafiyarta ƙalau," in ji mai gyara. "Ka je ka duba gidanka."

Tsohon ne ya fara ganewa. Wata rana ya murɗa murhun, ƙwan fitilar ɗakinsa ya dushe ya dawo, a daidai lokacin kuma ya ji Auta ya daki tebur ta bayan bango yana salati. Kashegari ma haka. Ya durƙusa ya leƙa soket ɗinsa, ya ga ashe daga bayan na falo aka huda bango aka jawo masa waya. Murhu da kwamfuta a kwano ɗaya suke ci, kuma murhun ya fi babban loma. Dalilin da ya sa ba ta faɗuwa sai ana gem shi ne, shi ma ba ya girki sai ana gem.

Ya zauna a bakin gado, ƙwai na ƙonewa. Faɗa wa Auta ba wuya. Amma in Auta ya ji, matarsa ta ji, kuma tambayar da za ta yi ita ce ba shi da amsarta. Sai ya zaɓi hanyar matsorata: ya daina kunna murhun, ya yi shiru.

A ranar kuwa Auta ya ga alamar danshi a gindin kwamfutar.

"Madam, zo ki gani. Ruwan gugarki ne. Kullum sai kin kwarara ruwa a falon nan kamar kina wanke mayanka."

"Mai burodi, ka ji tsoron Allah. Tsumma nake matsewa."

"To ki bar falon nan na mako guda, mu gani."

Ta bari. Kwamfuta ta warke sarai, tunda murhu na hutu. Auta ya samu hujja, kuma ba abin da ya kai miji mai hujja rashin daɗin zama. Da farko tsokana ce. Daga baya ya tuna cewa ta sha yi masa mitar gem, sai maganar ta canja launi.

"Ko dai da gangan ne? Abu ɗaya nake hutawa da shi a gidan nan, shi ma kin sa masa ido."

"Da gangan? Ni?"

"Ni dai ga abin da na gani."

Ta daina ce masa Mai burodi, ta koma ce masa "kai". Ta ci gaba da ɗora tukunya biyu. Duba-gari na jin komai ta bango, yana tura abincin da ba gishiri, yanzu da bai da wani, yana ji kamar tsakuwa yake haɗiya.

Ranar hutu duk suna gida. Auta ya cire abin kunnen, ya ƙure sauti, wai don kowa ya shaida yadda kwamfuta ke gudu in an raba ta da ruwa. Tsohon ya yi lissafinsa a ɗaki. In ta faɗi yau, bayan mako guda ba guga, surukarsa ta fita daga zargi. Ba sai ya ce komai ba. Ya ji daɗin wannan dabara har ya ji kunyar daɗin.

Ya jawo murhun, ya jona, ya murɗa har ƙarshe. Fitila ta dushe. Harbe-harben falo suka yanke.

"Kai! Kai! Ta sake!"

Ya kashe, ya jira har ya ji wasan ya dawo, ya sake murɗawa don kada a ce tsautsayi ne. Yana tsugune a gaban jan ƙarfen da ba komai a kansa, sai ƙofa ta buɗe. Ya manta tawul, ya manta sakata. Surukarsa ce da kwano a hannu.

Ta dubi murhun. Ta dubi kaskon da ya leƙo daga ƙarƙashin gado, da ɓawon ƙwai. Daga falo Auta ya sake kurma ihu. Ta juya ta dubi bangon, ta bi wayar da ido har soket. Mai aikin kantin magani ba ta buƙatar a karanta mata takarda sau biyu.

"Baba, kashe. Kwamfutar ta riga ta mutu."

Ya kashe.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima, 'yata."

"Abincin da nake kawowa fa?"

Da ƙasa za ta tsage da ya gode mata. Surukar ta dubi fuskarsa, ta gyaɗa kai a hankali kamar an ba ta amsa.

"Da asuba nake tashi saboda tukunyar nan," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya fi ciwo.

"Madam!" Auta ya kira daga falo, muryarsa ta yi laushi. "Madam, zo mana. Ashe ba ke ba ce. Akwatin wutar nan ne na jabu, gobe zan je in ci mutuncin mai shagon."

Ta ajiye kwanon a kan kujera, ba ta durƙusa ba.

"Ka ji, Baba. Gobe kuma mai shago. Ni ba zan faɗa masa ba, ba bakina ba ne."

Ta fita ta bar ƙofar a buɗe.

Duba-gari ya zare wayar. Ya kai hannu zai ɗauki murhun, zafi ya kore shi. Dole ya zauna ya jira, yana kallon ƙarfen na komawa daga ja zuwa toka, yana jin ɗansa na lallashin matarsa a falo. Sau biyu ya ce a ransa ai gobe ma rana ce. Da ƙarfen ya huce, ya ɗora kaskon a kai, ya ɗora gwangwanin gishirin a cikin kaskon, ya tallabo su da hannu biyu, ya fito.

Auta na durƙushe a bayan tebur yana jijjiga wayoyi. Ya ɗago.

"Baba, wannan kuma na waye?"

"Bar wayoyin nan," in ji tsohon. "Kira matarka, ku zauna. Ita zan fara ba haƙuri, kai ka jira layi."