Lemun Ƙofar Popo

Tun daga bakin ƙofa Tankari ya ji ƙamshin lemu, ya tsaya cak. Bai sayo lemu ba, matarsa Zalika kuma ba ta fita.

Ba mai fita a gidan sai shi. Tun da aka soma shirin wasannin Olamfik 'yan sanda ke tare baƙaƙen fata a titin Huanshi suna neman fasfo, su kuwa bizarsu ta mutu tun bara. Shi ya sa 'yarsa Balki, mai shekara bakwai, ba ta taɓa taka lekol, wato makarantar boko, a nan Guangzhou ta ƙasar Sin ba. Shi ne malaminta. In ya dawo daga kasuwar takalma ta Zhanxi sai su zauna kan tabarma, ya koya mata ɗan abin da ya tsira da shi daga makarantar da ya bari a Maraɗi.

Jiya ne darasin ya fi ƙarfinsa. Balki ta leƙa ta ga Popo, tsohuwar da ƙofarta ke kallon tasu, tana ƙona takardu cikin gwangwani a bakin ƙofarta, ga lemu ta jera a faranti gaban hoton wani saurayi.

"Baba, salla take yi?"

"Irin tasu."

"Irin salla nawa ce a duniya?"

Ya ambato Musulmi, Kirista, Yahudawa, masu bin Buda, daga nan ya kakare.

"To lemun na wane ne?"

Duk daɗewarsa a ƙasar bai taɓa tambaya ba. Ya ji nauyin ya ce wa 'yarsa bai sani ba, sai ya ja tsaki. "Wai na matattu. Matacce na shan lemu? Ɓarna ce kawai, ruɓewa zai yi."

* * *

Yanzu ga Balki zaune, ɓawon lemun Popo a gabanta, tana murmushi.

"Kai ka ce ɓarnar abinci haramun ce, Baba. Na rage maka naka."

Zalika na jingine da bango. "Ina wanka ta zare sakata. Baban Balki, matar nan ta gan ta. Hoton ma ya faɗi, gilashin ya tsage."

Popo na cikin tsofaffin da aka ɗaura wa jan ƙyalle a damtse don su sa ido a unguwa. Kullum tana kan kujerarta a gindin bene. Ranar da 'yan sanda suka zo tambayar ko akwai baƙi a sama, da kunnensa Tankari ya ji ta ce musu "Meyo", wato babu. A kan wannan kalma ɗaya suke kwana suke tashi.

Ya ɗaga hannu zai mari yarinyar, sai ya tuna bakin wa ta bi. Hannun ya sauka da kansa.

Ya sauka ya sayo lemu mafi kyau a shagon ƙasa, ya ƙwanƙwasa. Popo ta buɗe, hoton rungume a ƙirjinta. Sai a lokacin ya lura hancinsu ɗaya da saurayin. Ya lalubi Sinancinsa kaf: nawa ne, ya yi tsada, rage mini, maigida. Babu wadda ake faɗa wa uwar mamaci.

"Popo..." Ya miƙa ledar da hannu biyu.

Ba ta karɓa ba. Ta dubi bayansa inda Balki ke leƙe, ta yi magana mai tsawo a hankali, idonta jajir. Ko kalma bai kama ba. Ta rufe ƙofa. Ya ajiye ledar a ƙasa.

* * *

Da safe ya leƙa. Ledar ba ta nan, farantin ma babu. Ya gangara a hankali ya duba gindin bene: kujerar Popo wayam, abin da bai taɓa gani ba. Bai tafi kasuwa ba. Zalika ta soma cusa kayan Balki a jaka ba tare da ya ce ta yi ba.

Balki ta shimfiɗa tabarmar darasi ta zauna.

"Baba, me Popo ta ce jiya?"

Wani takun ƙafa na hawowa bene. Tankari ya kasa kunne har ya wuce sama.

"Ban sani ba, Balki," ya ce. "Inda ta tafi ma ban sani ba."