Wayar da ke Ƙarƙashin Filin Kawu

Shekara goma sha huɗu Halliru yana haƙan harsashin gini a Illela, kuma yana da ƙa'ida guda da bai taɓa karyawa ba. Kafin diga ta taɓa ƙasa, sai ya tambayi mai fili ko akwai waya ko bututun ruwa a binne. Ko me aka ce masa, sai ya tona ƙananan ramukan gwaji a hankali da shebur, ya gani da idonsa.

Amma wannan filin na Alhaji Attahiru ne, ƙanin mahaifiyarsa, mai gidan ƙanƙara a bakin kasuwa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar ubansa. Da ya tambaye shi a gaban leburori, Alhaji ya yi dariya.

"Ni zaka yi ma tambayar baƙi, Halliru? Babu komi nan sai ƙasa."

In ya tona ramin gwaji bayan wannan magana, ai ya ƙaryata kawunsa ke nan a bainar jama'a. Sai ya ajiye shebur, ya ce a sa diga.

Da hantsi aka ji ƙara kamar tayar tirela ta fashe. Sufyanu, abokin aikinsa mai 'ya'ya biyar, yana kwance a ramin gabas, tafukansa sun ƙone, bakin digarsa ya narke. Yana numfashi. Aka ɗauke shi zuwa asibiti, Halliru ya kori kowa daga bakin ramin, sannan ya leƙa. Baƙar waya ce mai kauri, ba bututu, ba alama, zurfinta bai kai kamu biyu ba. Ta taso daga wajen taransifoma ta miƙe zuwa gidan ƙanƙara.

Alhaji ya iso yana haki, ya ja shi gefe.

"Maza a maida ƙasa kahin 'yan wuta su zo. In sunka gani, sai gidan yari."

"Kawu, kai kas sa anka binne ta?"

"Yi sannu da murya."

"Na tambaye ka."

"Na ɗauka ta hi haka zurhi. Kuma ai shi yas sa nac ce kai ka kama gehen yamma. Zan bari ɗan 'yar'uwata shi halaka?"

Halliru ya tsaya yana kallonsa. Ashe an yi lissafi. An auna wanda za a iya rasawa, aka tsayar da Sufyanu a wurin, kuma da bakin Halliru aka ba shi umarni. Abin da ya fi ci masa rai, Alhaji godiya yake jira.

"Mi kaka tunani?" Alhaji ya tambaye shi.

Tunaninsa shi ne, in ya rufe ramin, wayar tana nan da ranta, tana jiran digar wani. In bai rufe ba, shi zai miƙa mutumin da ya ciyar da shi, kuma mahaifiyarsa za ta ji kafin azahar.

Alhaji ya ɗauki shebur da kansa. Halliru ya karɓe daga hannunsa, ba da ƙarfi ba, domin wurin ba ya taɓuwa. Ya ciro wayar salula ya nemo lambar ofishin wuta.

"Halliru, ni na hwa."

"Na sani, Kawu," ya ce, ya kai ta kunne.