Hannun Hagun Malama

Ranar da Malama ta koma kwaleji bayan jinyar shanyewar ɓarin jiki, ƙafarta ta dawo, bakinta ya miƙe, amma hannun dama yana rataye a gefenta kamar na aro. Da wannan hannun ta yi shekara da shekaru tana koya wa 'yan aji ɗaya zane.

Shugaban sashe ya tarbe ta da fara'a, ya jawo mata kujera da kansa. Tsohon ɗalibinta ne, shi ya sa har yau ba ya iya haɗa ido da ita sosai.

"Malama, mun yi shawara," in ji shi. "Ki karɓi darasin tarihin zane. Magana ce kawai, kina zaune. 'Yan aji ɗaya sai mu ba wani."

"Wa?"

Ya sosa ƙeya. Kowa ya san babu mai son ajin nan. Wasu yaran ba su taɓa fere fensir da reza ba, wasu kuma sun zo da kai a kumbure don an saba yaba su a gida.

"Ni zan ɗauke su," ta ce. "Ka ba ni makullin ɗakin zane."

Ɗakin yana nan yadda ta bar shi: manyan tagogi, tebura masu tabon fenti, da famfon da ba ya rufuwa sai an murɗa shi da ƙarfi. Ta sa aka ɗora wata tsohuwar kujerar katako a kan tebur a tsakiyar ɗaki, ɗalibai suka zauna kewaye da ita.

"Wannan za ku zana," ta ce. "Ba kujerar da ke cikin kanku ba, wannan ɗin da ke gabanku."

Ta ɗauki gawayin zane da hannun hagu, ta nufi takardar da aka manna a allo don ta nuna musu yadda ake farawa. Layin farko ya tafi yana lanƙwasa kamar tafiyar tsutsa. A na biyu gawayin ya karye. Wani a baya ya yi dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari. 

Sai wani saurayi ya miƙe, wanda 'yan ajin ke kira Dogo. Tun kafin ya shigo kwaleji yake zana wa mutane hotunan fuskokinsu, kuma hannunsa na da kyau ba laifi.

"Malama, kawo in zana miki. Ke sai ki yi bayani."

Ta miƙa masa gawayin. Kafin ka ce kwabo ya fitar da kujera tsaf, har da inuwa. Aji ya ɗauki tafi. Malama ta sami sauƙi a ranta, kuma tun daga ranar haka aka ci gaba: ita da baki, Dogo da hannu.

An ɗan kwana biyu ana haka, sai wata rana tana zagayawa tsakanin tebura ta tsaya bayan wata yarinya mai tabarau, wadda ba a cika jin muryarta ba. Yarinyar tana zaune ta bayan kujerar, ta zana abin da take gani daidai, amma ga shi tana goge shi da sauri.

"Me ya sa kike gogewa?"

"Bai yi kama da na allo ba, Malama."

Malama ta sa aka jera takardun kowa a ƙasa. Yaran nan a kewaye suke zaune, wani yana ganin kujerar ta gefe, wani ta baya, amma duk zanen sun fito ta fuska ɗaya, fuskar da Dogo ke gani. Allo suke kwafa, ba kujerar ba. Sai Malama ta sallame su.

A gida ta ba maigidanta labari. Tsohon direban babbar mota ne, mutum mai barkwanci, wanda tun ciwonta shi ke ɗaura mata agogo.

"To ke da kika sami mai taimako, ai sai godiya," ya ce. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

"Ba jinka nake ɗauka ba, Alhaji. Yara nake koya wa gani, ga shi na mayar da su masu kwafi."

Washegari da safe, kafin ya gama shan shayi, ta ajiye takarda a tebur ta ce ya danne mata gefenta, kuma kada ya motsa. Shi ta zana. Da ya leƙa sai ya riƙe baki.

"Wannan ai ba ni ba ne, ƙanen babana ne, shi ma bayan ya sha jinya."

Ta yi dariya har da hawaye, ta juya takardar ta sake. Kullum safiya haka suke yi. Ta cika takardu da layuka, miƙaƙƙu da masu zagaye, irin aikin da take ba sababbin ɗalibai. Wata rana kafaɗar ta yi tsami, wata rana ta yi jifa da fensir don haushi, maigida ya ɗauko ya fere ya ajiye mata. Layin bai daina rawa ba, amma ya fara zuwa inda ta aike shi.

Ranar da ta ga ta shirya, Dogo ya taso kamar kullum zai karɓi gawayi.

"Koma ka zauna, ɗana. Na gode. Yau ni zan yi."

Ya koma fuska a murtuke. Malama ta miƙe hannun hagu sosai, ta riƙe fensir a tsaye, ta rufe ido ɗaya.

"Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Ku auna tsawon jinginar da babban yatsa a jikin fensir. Sau nawa ya shiga tsawon ƙafar? Ku sa ɗigo a nan, ku sa ɗigo a can, sannan ku haɗa."

Ta haɗa nata. Kujerar ta fito da layuka masu karkarwa.

"Malama, layin ya karkace," in ji Dogo, da ɗan gatse.

"Ya karkace, kowa ya gani. Bar layin. Taso ka auna, ka gaya min ko na kuskure tsawo."

Ya taso, ya miƙe hannu yadda ta yi, ya rufe ido ɗaya. Ya auna nan, ya auna can, ya daɗe yana kallon kujerar.

"Ƙafar baya ta yi tsawo."

Ta auna da kanta. "Gaskiyarka." A gaban kowa ta ja sabon layi kusa da tsohon, ba ta goge komai ba. "Kun gani? Kuskure ba abin ɓoyewa ba ne, shi ke nuna maka inda daidai yake. Yanzu kowa ya juya wa allo baya, ya zana abin da yake gani daga inda yake."

Dogo bai zo darasi na gaba ba. Da ya dawo, sai ya ɗauki kujerarsa ya koma ta inda bai saba zama ba. Takardarsa ta ranar ta cika da gyare-gyare, ba ta kai na da kyau ba, ya kuma san haka. Malama ta tsaya a kansa ta ce, "Yanzu ka fara."

Daga layi suka wuce haske da inuwa, suka yi ta fama da tulu da ƙwallo a bakin taga. Wasu suka kama, wasu har ƙarshen zango inuwarsu kamar an zubar da tawada. Likita kuwa ya gaya mata gaskiya: hannun dama ba lallai ya dawo ba. Ta ji, ta yi kukanta a mota, maigida ya bar ta ta yi ya ishe ta.

Da aka shiga darasin launi, ta zo da fenti kala uku, ja da shuɗi da rawaya. Murfin ja ya ƙi buɗuwa da hannu ɗaya. Ta matse kwalbar a hammata, ta murɗa, ta sake murɗawa har ya ba da kai.

"To," ta ce tana haki, "yau kore za mu nema. Wa zai fara?"

Yarinya mai tabarau ta ɗaga hannu, ta taso ta ɗauki buroshi.